Lagireton da Baffa Bai Fasa Ba

Da la'asar ɗin Asabar aka jawo motar Manaja gida, ɗaure da igiya a bayan wata tsohuwar motar kaya. Baffa na zaune a ƙofar ɗakinsa da ke jikin get, yana shafa man zafi a gwiwa, sai ya ji ƙarfe na jan ƙasa. Kafin ya miƙe wari ya riga motar shigowa. Duk wanda ya yi shekara talatin da huɗu a bayan sitiyari ya san wannan warin, na injin da aka dafa da ransa.

Baffa yayan Manaja ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne direbansa. Kada ka tambaye ni yadda aka yi, ɗaya ya yi karatu, ɗaya ya yi tuƙin da aka biya kuɗin karatun da shi. 'Ya'yan gidan ke kiransa Baffa, sai kowa ya ɗauka, har maƙwabta. Manaja da matarsa Hajiya ne kaɗai ke ce masa Yaya, shi ma sai in da abin da ake so.

Wanda ya fito daga kujerar direba kuwa Auta ne, ɗan lelen gidan, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu da ya gama jami'a yana jiran aiki. Ba shi da lasisi. Ya ga Baffa ya tafi asibiti a duba masa gwiwa, ya ga uban ya tafi taron ofis a motar abokinsa, sai ya zare mukulli daga ƙusa.

Baffa ya nufi gaban motar. Ya ɗaga murfin inji. Bamba ta tsage, lagireto, ma'ajiyar ruwan da ke sanyaya inji, ya lotsa ciki har ya rungume fanka, fikafikanta biyu sun karye. Babu ɗigon ruwa ko na magani. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ya ga man ya koma kalar shayi da madara, sai ya mayar da ita a hankali.

"A ina ka buge?"

"Wajen da ake gyaran titi, Baffa. Wani kankare suka ajiye, wallahi ko alama ba su sa ba."

"Ka tsaya ka duba?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Allurar zafin inji ba ta hau ba?"

"Ta hau. Cewa na yi bari in lallaba in iso gida kafin Abba ya dawo. Sai ta mutu da kanta a kan gada."

Daga wajen gyaran titi zuwa gada tafiyar kusan rabin awa ce. Baffa ya rufe murfin, ya dafa shi da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Shekara tara yana riƙe da motar nan, kullum da safe sai ya duba mata ruwa kafin shi ya sha nasa.

Washegari Dogo bakanike ya zo, ya leƙa sama ya leƙa ƙasa, ya goge hannu da tsumma. Ya ce lagireto da fanka da bamba abu ne mai sauƙi. Inji ne bala'in. Gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, sai dai a sauke a sa wani. Da ya faɗi kuɗin, Manaja ya cire tabarau ya sake mayarwa. Baffa ya ƙiyasta a ransa, ya ga albashinsa na shekara biyu ba zai kai ba.

Da hantsin Litinin aka aiko wai ana kiran Baffa a falo. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya nufi gefen kafet inda ya saba zama, sai Manaja ya ce, "A'a Yaya, hau kujera mana." Hajiya da kanta ta kawo masa shayi a kofin baƙi. Tun daga nan ya san da abin da ake so.

Manaja ya baje takardu a kan tebur. Ya ce Allah ya taimaka motar na da cikakkiyar inshora, kamfani zai biya komai. Matsala ɗaya ce ƙarama. Sunan mutum biyu ne a takardar waɗanda aka yarda su tuƙa ta, shi da Baffa. Shi kuwa ranar yana wajen taro, mutum hamsin sun gan shi.

"Saura kai ke nan, Yaya. Takarda ce kawai. Ka sa hannu cewa kai ne a ciki, su biya, magana ta mutu."

"Ni ban taɓa buga mota ba," in ji Baffa.

"Wa ya ce ka buga? Mu da muke gidan ba mu san gaskiya ba?"

Hajiya ta matso da kujerarta. "Yaya, Auta fa ɗanka ne. Kai ka kai shi makaranta tun yana kuka yana riƙe maka riga. Yanzu ga bankin nan sun kira shi, in aka rubuta ya yi tuƙi ba lasisi, shi ke nan an gama da yaron. Kai kuwa me za a yi maka? Tsautsayi ne, kowane direba yana gamuwa da shi."

Baffa ya dubi shayin, bai taɓa shi ba. Ba shi da gida, ba shi da fili, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a wani gari mai nisa. Abin da ya tara a duniya guda ɗaya ne: in ana maganar direbobi a unguwar, akan ce a je a ga Baffa, shekara talatin da huɗu ko fitila bai taɓa fasawa ba. Wannan ake so ya sa hannu ya bayar. Ya so ya faɗi haka, amma ƙaninsa ya riga ya miƙo masa biro, kuma ya ga Auta a laɓe bayan labule, idanunsa sun yi ja.

Ya sa hannu a wuri uku.

Ranar Alhamis kamfanin ya turo mai bincike garejin Dogo, inda aka kai motar. Wata mata ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, riƙe da allon rubutu. Ta zagaya motar, ta ɗauki hotuna, ta tsuguna ta daɗe tana kallon lagireton. Sannan ta buɗe ƙofar direba.

"Baba, ɗan shiga ka zauna yadda kake tuƙi."

Baffa gajere ne, Auta kuwa dogo. Ba wanda ya tuna da kujera. Da ya zauna sai ga ƙafarsa da kyar take taɓo birki. Matar ta dube shi ta saman tabarau. Manaja ya yi caraf ya ce masu jan motar ne suka tura kujerar baya. Ta rubuta a allonta.

"Da ka bugi kankaren, ka fito ka duba gaban motar?"

Manaja ya koya masa yadda zai faɗi wurin da lokacin da yadda rana ta haske masa ido. Wannan tambayar ce bai koya masa ba. In ya ce ya duba, to ya ga ruwa na zuba ya ci gaba da tafiya. In ya ce motar a nan ta tsaya, mai jan mota ya riga ya rubuta gada a rasidinsa.

"Ban duba ba," in ji Baffa.

"Allurar zafi fa? Rabin awa tana kan ja."

"Ban lura ba."

"Shekararka nawa kana tuƙi, Baba?"

"Talatin da huɗu."

Ta tsayar da biro. "Zan sake tambayarka, ka yi tunani da kyau. Kai ne a cikin motar nan?"

Dogo ya juya baya yana neman wata sifana da ke hannunsa. Shi ya san Baffa, mutumin da ke tsayar da mota a tsakiyar hanya don ya ji wata ƙara da ba wanda ya ji sai shi.

"Ni ne," in ji Baffa.

A hanyar komawa Manaja ya dafa masa kafaɗa ya ce ya yi ƙoƙari. Ya tsayar da tasi ya wuce ofis, ya bar shi ya tako da ƙafa.

Sati uku aka yi ana jiran amsa. Gidan ba mota, Baffa ba aiki. Amma jiki ya riga ya saba, kullum da safe sai ya tsinci kansa riƙe da bokiti da tsumma a rumfar mota, yana kallon tabon baƙin mai a kan siminti. Sai ya zuba ruwan a gindin fulawa ya koma ɗaki. Ɗakin kuwa gado ne, da akwatin ƙarfe, da rediyon da ba ya kama tasha sai an riƙe masa eriya. Yakan zauna ya riƙe eriyar har hannunsa ya gaji. Daga cikin gida yana jin dariya da ƙarar cokula, ba wanda ke leƙowa sai mai aiki in ta kawo abinci, ita ma a bakin ƙofa take ajiyewa.

Sau ɗaya Auta ya zo. Ya tsaya a waje, ya miƙo wata sabuwar riga a leda, idonsa na kan wayarsa.

"Baffa, ka yi haƙuri. Ni da na so in faɗa, Abba ne ya ce in yi shiru. Kuma ai tunda za su biya, ba wanda ya yi asara."

"Allah ya kiyaye gaba," in ji Baffa. "In ka ga allura ta hau, ka tsaya. Ko a tsakiyar kasuwa ne ka tsaya."

"To," in ji Auta, ya riga ya juya.

Da wasiƙar ta zo, ba a aika kiran Baffa falo ba, Manaja ne ya fito tsakar gida da ita a hannu yana kaɗawa. Kamfani ya yarda zai biya bamba da fanka da lagireto, don su karo ne ya lalata su. Inji kuwa ba ruwansu. Sun ce ba karo ne ya kashe shi ba, direba ne ya ci gaba da tuƙi bayan ruwa ya tsiyaye, kuma ya amsa da bakinsa cewa bai duba ba, bai lura ba. Wannan sakaci ne, inshora ba ta biyan sakaci.

"Ka ji abin da ka jawo mini?" in ji Manaja. "Mutum da girmanka, a yi maka tambaya ka ce ba ka lura ba? Ba sai ka ce allurar ta lalace ba?"

"Allurar lafiyarta ƙalau. Da mai binciken ta gwada da ta gani."

"To ka ce wani abu mana. Ka buɗe baki ka ba su hujja a hannu."

Baffa ya dube shi. Ya so ya ce ba shi ya tuƙa motar ba, amma mai aiki na shanya a gefe, maigadi na tsaye a get, kuma an riga an gaya musu Baffa ne. Ka ga yadda abin yake: a wannan tsakar gidan, rana tsaka, aka yi wa mutum faɗa don bai iya ƙaryar da aka sa shi ba.

Daga ranar labarin ya fita unguwa, kuma Hajiya ce ta ba shi ƙafa. Ba da mugunta take faɗa ba, a'a, da tausayi, wanda ya fi muguntar ciwo. Duk baƙuwar da ta tambayi ina mota, sai ta rage murya. "Yaya ne, Allah sarki. Girma ya zo. Ido ba kamar da ba. Mu dai mun gode Allah da bai ji ciwo ba." Baƙuwar in za ta fita sai ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta yi masa jaje, shi kuma ya ce ya gode.

Akwai benci a wajen mai shayin bakin layi inda direbobin unguwar ke zama. A da in Baffa ya iso matsa masa ake yi, a kawo masa ƙarar mota a waya ya saurara ya faɗi ciwonta. Yanzu da ya doso, wani mai jan motar makaranta ya ce, "Ku ba babban kuku wuri, mai dafa inji ba itace." Aka kwashe da dariya. Wasa ne, shi ma ya yi murmushi, ya shanye shayinsa da zafinsa. Wani yaro matashi da Baffa ya koya wa ribas da hannunsa ya ce, "Baffa, shawara ce, a riƙa ɗan duba allura." Bai sake zuwa bencin ba.

'Yarsa ta kira shi wata Juma'a da rana.

"Baba, Hajiya ta ce idonka ya fara ba ka matsala. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Idona lafiya lau."

"To yaya aka yi ka buga motar?"

Baffa ya mayar da wayar ɗaya kunnen. In ya gaya mata, za ta kira Hajiya ta yi faɗa, maganar ta fita, kuma hannunsa ne a takarda. "Tsautsayi ne," ya ce. Ta ce don Allah ya je a auna masa tabarau. Da ta kashe, ya daɗe zaune da wayar a cinya. Duk duniya mutum ɗaya yake da shi da zai yi fushi dominsa, ita ma ga shi ya yi mata ƙarya.

Ƙarshen wata aka ba shi rabin albashi. Manaja ya ce ba wai hukunci ba ne, Allah ya kiyaye, amma ga kuɗin inji ya taso masa, kuma ai ba aikin da ake yi tunda mota na gareji. Kowa a gidan ya ɗan matse, in ji shi. A satin ne aka saya wa Auta kwat biyu na fara aiki a banki.

Bayan wata biyu mota ta dawo da wani injin na hannu. Dogo ne ya kawo ta. Baffa ya fito da saurinsa har yana mance gwiwa, ya sa kunne, ya ce a ɗan rage mata iska, tana shaƙa da yawa. Dogo ya gyara, ƙarar ta daidaita. Ranar Baffa ya wanke ta har ƙarƙashin tayoyi, ya yi aski, ya goge rigarsa. Da safe ya je ɗaukar mukulli, ya tarar ƙusar ba komai.

Manaja ya yi masa bayani a tsaye, yana ɗaura agogo. Lokacin sabunta inshora ya yi. Kamfani ya ce in za a bar sunan Baffa a takarda, kuɗin zai kusan ninkawa, saboda shekarunsa da kuma abin da ya faru. Shi kuwa ba zai iya ba. Don haka an cire sunan. Auta ya samu lasisi satin da ya wuce, an sa nasa, shi zai riƙa sauke uban a ofis ya wuce banki.

"Ka huta, Yaya. Ka yi wa tuƙi hidima. Mun sallami maigadi, sai ka riƙa taimaka mana da get, tunda ɗakinka a nan yake. Ka ga ba a ce bare ne ke tsaron gidanmu ba."

Aka bar masa wankin motar. Amma ko matsar da ita daga bakin famfo zuwa inuwa ba shi da izini, don in wani abu ya faru ba inshora. Sai ya wanke, ya tsaya da tsumma a hannu yana jiran Auta ya gama karyawa ya zo ya ja ta taku goma. Da safe ya buɗe get su fita, Auta na tuƙi da hannu ɗaya. Da yamma ya buɗe su shigo. Tsakanin nan kuwa awa goma ce, shi da kujerar roba da inuwar katanga da ke matsawa yana bin ta. Yakan gane motocin layin da ƙararsu ba tare da ya ɗaga kai ba, ya san wadda bel ɗinta ya saki da wadda ke neman mai. Ba wanda ya tambaye shi.

Gaisuwar Auta ta yi ta raguwa. Da fari yakan sauke gilashi ya ce ina kwana, daga baya ya koma ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari, daga baya sai hon. Ba wai ya tsani Baffa ba ne. Ganinsa ne ke tuna masa abin da ba ya son tunawa, shi ya sa ya daina ganinsa.

Dogo ne kaɗai abin ya tsaya wa a rai. Wata rana ya biyo ta layin a kan babur, ya tsaya a get. Ya ce akwai wata makarantar yara a bayan garejinsa, suna neman dattijon direba mai haƙuri da zai ja musu bas, har da ɗaki. Ya riga ya yi wa shugabar makarantar magana.

"Ni na san ba kai ba ne, Baffa. Tun ranar na sani. Amma ka san Manaja babban kwastoma ne, ni ma ina da iyali."

Baffa ya je. Shugabar ta sa ya zagaya da bas ɗin, ya shiga da ita lungu da baya ya fito ko ganye bai taɓa ba. Hannunsa bai mance komai ba, har ya ji ƙwalla na neman zubo masa. Ta ce ta gamsu, ya dawo jibi. Da ya koma ya tarar fuskarta ta canza. Sun miƙa sunansa ga masu yi musu inshora, sai aka dawo musu da rahoton karo da sakaci.

"Baba, ni na ga tuƙinka da idona, kuma Dogo ya rantse mini a kanka. Amma 'ya'yan mutane ne. Ka kawo mini takarda daga maigidanka, ko layi biyu ne, cewa ya yarda da tuƙinka. Ko ya kira ni ya yi mini bayani. Zan tsaya maka a kan sauran. Zuwa Litinin, don akwai wani yana jira."

Ranar Lahadi da hantsi Hajiya ta tafi unguwa, Auta ya fita da motar, mai aiki ta tafi kasuwa. Baffa ya sa rigarsa mai kyau, ya yi sallama a falo. Manaja na kishingiɗe yana duba waya. Wannan karon ba a ce ya hau kujera ba, ya zauna a gefen kafet.

Ya faɗi abin da ya kawo shi, a taƙaice, ba ƙorafi. Ya ce shekarun nan bai taɓa roƙon komai ba. Abu ɗaya yake so, ƙaninsa ya kira shugabar makarantar ya gaya mata gaskiya, ita kaɗai.

Manaja ya tashi zaune. "Yaya, kana cikin hankalinka? In maganar ta koma kunnen kamfani fa? Zamba ce sunanta. Su karɓe abin da suka biya, su kai mu kotu, a kori Auta daga banki. Kuma kar ka manta, hannunka ne a takardar, ba nawa ba. Kai za a fara kamawa. Ni kare ka nake yi."

"To bar maganar karon. Rubuta mata cewa na yi maka tuƙi shekara da shekaru, ka yarda da ni. Layi biyu."

"Me ma ya kai ka neman aiki a waje? Ka rasa ci ne ko ka rasa wurin kwana? So kake a ce na kori yayana?"

"Tuƙi nake so in yi. Shi na iya."

Manaja ya yi ajiyar zuciya, ya ajiye wayar, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin mara lafiya.

"Ka duba girman Allah, Yaya. Motar yara ce fa. Ta yaya zan sa hannu in ce ba ka da matsala? Ni na yi haƙuri na shanye asarata don kai ɗan'uwana ne. Amma gobe in ka sake yin irin abin da ka yi wa injina, da 'ya'yan mutane a ciki, wa za a tambaya? Ni."

Baffa ya ɗaga kai. Ya dubi ƙofar kicin, ya dubi labule, ya dubi matakalar bene. Ba kowa.

"Mu biyu ne fa a falon nan," ya ce.

"To, sai me?" in ji Manaja.

Baffa ya zuba wa ƙaninsa ido, yana neman kunya a fuskarsa, ko wayo, ko ɗan ƙifta ido na waɗanda suka haɗa baki. Da ya samu ko ɗaya da ya ji sanyi, don aƙalla su biyu ke nan suka san abin da ya faru. Bai samu ba. Fuskar mutum ce da ya gaskata abin da yake faɗa, har yana ganin ya yi kirki. Wata biyar ana maimaita maganar ga baƙi da maƙwabta da kamfani, har ta zauna daram a cikin gidan, masu ita suka mance su suka ƙera ta. Hajiya na tausaya masa da gaske, Manaja ya yafe masa da gaske. Duk faɗin gidan, mutum ɗaya ne ya rage da ya tuna wanda ya ƙona injin, kuma shi ne aka rubuta ya ƙona.

A waje aka danna hon sau biyu, sannan aka danne shi da ƙarfi.

Manaja ya ɗauki wayarsa ya koma ya kishingiɗa.

"Yaya, get," ya ce.

Baffa ya dafa kafet ya miƙe, gwiwar ta ƙi, ya sake dafawa. Ya sa takalminsa a bakin ƙofa, ya tafi ya buɗe wa Auta.